Fuskar Bahago a Summerfield

Zangon farko: Glenwood

Na sauka Greensboro ta ƙasar Amurka a farkon shekarun casa'in da akwati ɗaya, da takardar shiga jami'a don karatun digiri na biyu a kan ƙasar noma, da adireshin wani mutum a aljihun kaftanina. Mutumin ɗan unguwarmu ne a Fagge. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'yan uwansa suna nan kuma muna gaisawa. A wasiƙa ya ce mini yana da gida, ɗaki na jirana. Da na je sai na tarar gidan na wata tsohuwar Baturiya ne a unguwar Glenwood, shi ma haya yake, ɗakin da ke jirana kuwa wurin ajiye injin wanki ne, an cusa katifa tsakanin injin da bango. Ranar da 'yan haya suke wanki, ni da katifar tare muke rawa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce a ƙasar nan wanda ba shi da mota bai cika mutum ba, ya sayar mini da tasa don zumunci. Sai da ya tattara ya koma wata jiha sannan na gane motar ba ta ribas. Gaba kawai ta sani. Duk inda zan ajiye ta sai na yi ta zagaye ina neman wurin da zan fita ta gaba, in kuma ban samu ba in fito in tura da kafaɗa, ɗalibai na wucewa a kan kekunansu suna kallona.

Bayan tafiyarsa da kwana biyu tsohuwar ta buɗe ɗakin wankin ta same ni ina sallar la'asar. Ashe ba ta ma san ina gidan ba. Ta jira na sallame, wannan kam na yaba mata, sannan ta ce ta ba ni mako biyu.

Tallafin da na samu na makaranta ne kawai, bai haɗa da wurin kwana ba. Sanyi yana tafe, itatuwa sun fara ja. Na bar matata Binta a gida da jaririya, na bar Baba da ya sa mini albarka a gaban mutane ya ce kada in dawo sai da abin da na je nema. In ban sami wurin kwana ba, komawa zan yi hannu rabbana. Abin da na kwana da shi na tashi da shi ke nan.

Kewa kuwa ba a magana. Ba tuwo ne ya fi damuna ba, gaisuwa ce. Sai in yini ba wanda ya tambaye ni gajiya. Wata rana a bas na gaida wani dattijo da ke kusa da ni, na tambaye shi iyali, sai ya tashi ya sake kujera.

Zango na biyu: Sedgefield

A kantin kayan miya Allah ya haɗa ni da Anti Saratu. Na ga kuɓewa a cikin leda, na ɗauka ina juyawa, ban san a fili na yi magana ba, na ce, "Ke ma nan kika zo?"

Sai na ji a bayana an ce, "Ta riga ka zuwa ma."

Na juya na ga mace mai jiki, da fararen kayan asibiti da ƙaramin gicciye a wuya. 'Yar kudancin Kaduna ce, nas, shekarunta sun kai goma sha a garin. Ba ta tambaye ni addinina ba, ta tambaye ni yaushe rabona da abinci mai zafi. Ranar na bi ta gidanta a Sedgefield, na ajiye motata a bakin titi yadda hancinta ke kallon hanya, na ci tuwon semo da miyar kuɓewa har na ji kunya. Da ta ji labarina sai ta hau kwashe kwanuka.

"Akwai wani tsoho da nake dubawa a Summerfield," in ji ta. "Mista Orval. Ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa Linda tana neman wanda zai zauna a ɗakin saman barga, ya taimaka masa safe da yamma, ya ba dawaki biyu abinci. Ɗakin da abinci kyauta. Amma ƙanena, bakinsa ba daɗi. Mutum uku ya kora."

Na ce, "Anti, ni da na kwana da injin wanki, wane baki ne zai kore ni?"

Ta yi mini bayanin magungunansa, da yadda ake ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, da abin da yake ci da wanda ba ya ci. Komai ta faɗa mini, sai abu ɗaya da ta manta.

Zango na uku: Summerfield

Summerfield tana arewa da gari, gidaje nesa da juna, fararen shingaye, dawaki suna kiwo ba mai tsaronsu. Gidan Mista Orval na katako ne, da doguwar baranda. Abin da na fara lura da shi a ciki shi ne ƙusoshi a bango, da yawa, ba abin da ke rataye a kansu. Madubi kuwa ko ɗaya babu, har a banɗaki.

Na ƙudura a raina cewa ba za a kore ni ba. Makamin da nake da shi ɗaya ne, ladabin da aka koya mini a gida, shi na zare gaba ɗaya. In zan shiga ɗakinsa sai in cire takalmi. In gaishe shi a rusune. In miƙa masa kofi da hannu biyu. Idan yana magana in sunkuyar da kai in kalli ƙasa, kamar yadda duk ɗan da aka haifa a gidan mutunci yake yi a gaban wanda ya haife shi. Na san dai ɓarin fuskarsa na dama ya zube, don na hanga ranar farko na yi maza na kawar da kai. Bayan wannan abin da na sani nasa shi ne silifas ɗinsa masu gashi, da bargon da ke kan gwiwarsa, da hannunsa na hagu da yake cin abinci da shi. Na ɗauka ciwon ne ya sa yake ci da hagu.

Kullum sai fushinsa ya ƙaru. Ya ce kofi ya yi sanyi, in kawo mai zafi ya ce zan ƙona shi. Ya daka mini tsawa, ni kuma in ƙara sunkuyawa, don a wurinmu babba in ya yi faɗa ƙasa ake kallo. Ina ƙara sunkuyawa yana ƙara hawa. Ran nan ya jefe ni da cokali, ya same ni a kunne. Na ɗauka na goge, na ajiye masa, na ce ya yi haƙuri. A raina har ina yaba wa kaina, ina cewa kai Habibu, Allah ya yi maka tarbiyya.

Mako uku cif, Linda ta zo ranar Asabar ta same ni a barga ina zuba wa dawaki ciyawa. Mace ce mai sanyin magana. Ta ce ta gode da ƙoƙarina, dawakin ma sun yi kyau, amma babanta ya ce in tashi ƙarshen wata.

Na ce me na yi?

Ta ce, "Ya ce ƙyamarsa kake. Ya ce mako uku ba ka iya kallon fuskarsa ba ko sau ɗaya. Waɗancan ukun aƙalla suna kallo su kawar da kai, kai kuwa ko kallon ba ka yi."

Da yamma na buga wa Anti Saratu waya. Ta fara dariya, sai kuma ta katse.

"Laifina ne, wallahi na manta. Na daɗe a nan har na manta mu ba haka muke ba. Habibu, a ƙasar nan in mutum yana maka magana ba ka kalle shi a ido ba, ko dai ƙarya kake, ko ka raina shi. Balle wannan tsohon. An ce da can a fim yake fitowa, ni dai ban taɓa ganinsa ba. Fuskar nan da ita ya ci abinci. Shi ya sa aka cire madubai da hotuna da ciwon ya same shi."

Na ce, "To yanzu yaya zan yi?"

"Gobe da safe ka je ka kafa masa ido kamar ɗan tasha. In ya kore ka bayan wannan, ka zo falona ka kwana kafin mu ga abin da Allah zai yi."

Na san falon Anti ba zai riƙe ni shekara biyu ba, ita ma ta sani.

Washegari na tura shi baranda kamar kullum, na kawo kofi. Ya karɓa. Na ja kujera na zauna a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Wanda bai tashi a gida irin namu ba ba zai gane nauyin da wuyana ya yi ba. Ina ɗaga kai ina jin kamar zan zagi mahaifina. Na bi bargon, na bi maɓallan rigarsa, na bi haɓarsa, na isa.

Ɓarin dama ya zube, idon yana hawaye shi kaɗai, gefen bakin ya rataye. Na daure ban kauce ba. Sai na koma ɓarin hagu, wanda ciwon bai taɓa ba. Gira ce da tabo ya raba biyu. Ƙaramin ido mai ruwan toka, a tsuke kamar yana auna nisa. Doguwar haɓa mai rami a tsakiya. Ya ɗaga kofin da hagu, ya ɗan karkata wuyan hannu kafin ya kai baki.

Ban san lokacin da na ce, "Bahago," ba.

A nan sai na ɗan koma baya. Muna yara akwai gidan silima marar rufi a kusa da unguwarmu, inda ake nuna finafinan kaboyi, tsofaffi, waɗanda suka gama yawon duniya kafin su iso mu. Ba ma jin Turanci, ba ma karanta sunayen da ke gudu a farkon fim. Mu muke raɗa wa mutanen suna. Jarumi shi ne akta, babban mugu shi ne bos. Amma akwai wani da ba akta ba ne ba kuma bos ba, yaron bos ne, mai baƙar malafa, mai harbi da hagu. Shi ake aikawa ya mari mai kanti, ya ƙona rumbun talaka, ya harbi kare. Kuma kafin a kai ga bos, shi ake fara kashewa. Na ga an harbo shi daga kan soro, daga kan doki, daga kan jirgin ƙasa, na ga ya faɗa komin ruwan dawaki. Mako mai zuwa sai ga shi a wani fim, da ransa, da malafarsa. Da ya leƙo sai silima ta ɗauka, "Ga Bahago nan." Sunan akta yana canzawa a bakinmu, nasa bai taɓa canzawa ba.

Shi ne zaune a gabana da bargo a gwiwa. Mako uku ina ɗaga shi daga gado.

Ya ce, "Me ka kira ni?"

Na yi masa bayani da Turancina da ya rikice. Na ce masa Kano, na ce masa silima marar rufi, na ce masa ma'anar sunan, wato mai amfani da hannun hagu. Idonsa mai lafiya ya ƙara tsukewa.

"Linda ce ta shirya maka wannan don in bar ka."

Na rantse. Ya ce rantsuwa ba ta da wuya. Na rasa yadda zan yi, sunan fim ko ɗaya ban sani ba. Sai na miƙe. Na ce masa kowa in an harbe shi ƙirji yake dafewa, shi kuwa ciki yake dafewa. Na dafe cikina. Na yi taku uku baya. Na ɗaga hannun na duba tafin, kamar ina mamakin jinin nawa ne. Na kalli wanda ya harbe ni da haushi, irin na wanda aka yi wa rashin kunya. Sannan na zube. Ni, magidanci mai mata da 'ya, ɗalibin digiri na biyu, na zube rim a barandar Bature da kaftanina. A tulin yashin masu gini muka koyi wannan, da shi na fasa haɓa ina ɗan shekara tara.

Ina kwance na ji wani sauti kamar ana jan ƙofar da ta yi tsatsa. Dariya yake. Rabin bakin ne ke yi, yawu yana zuba ta ɗaya gefen. Na kalle shi ban ɗauke ido ba, na miƙa masa tawul.

"Kafaɗa ka fara kaiwa ƙasa," in ji shi. "Da gwiwa ake farawa. In ka yi haka sau biyu a rana, kafin Juma'a kana asibiti."

Ranar na rasa lacca. Ya ba ni labari har rana ta take. A gonar nan aka haife shi. Yana ɗan shekara sha tara ya bi wani dillalin dawaki zuwa yamma, can inda ake yin finafinai, don ya iya hawa. Wani darakta ya kalle shi ya ce fuskar nan ba ta mutumin kirki ba ce, shi ke nan aka yanke masa sana'a. Wajen shekara talatin yana mutuwa. Sunansa can ƙasa yake fitowa, wani lokaci ma ba ya fitowa. Bai taɓa auren yarinyar fim ba, bai taɓa kaiwa ƙarshen fim da rai ba. Tabon girar na gaske ne, kofaton doki ne. Da kasuwar finafinan kaboyi ta mutu, ba wanda ya sallame shi, waya ce kawai ta daina ƙara. Ya dawo gida da karyayyun haƙarƙari da sirdi ɗaya.

"Ba wanda ya taɓa tsayar da ni a titi," ya ce, "sai masu cewa na yi kama da wani da ya taɓa cutarsu."

Ya kalli dawakinsa. Sannan ya ce, "Can garin naku, in na mutu, me suke yi?"

Na so in gyara maganar, don a wurinmu ba a faɗa wa dattijo abu mai ɗaci kai tsaye. Amma idona yana cikin nasa, na kasa.

Na ce, "Tafi muke yi. Har da fito. Wasu har kan benci suke hawa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Madalla. Ashe aikin ya yi."

Sai ya tambaye ni, to me ya sa ban taɓa kallonsa ba. Na ce masa a garinmu kallon babba a ido rashin kunya ne, sunkuyawa ita ce girmamawa, kuma gwargwadon girman mutum gwargwadon sunkuyawar. Ya daɗe yana juya maganar. Ya ce wato duk tsawar da yake yi, ni girmama shi nake ƙara yi. Na ce haka ne. Ya ce bai taɓa jin wauta mai kyau irin wannan ba.

"Ka zauna," ya ce. "Amma a gidan nan kallona za ka riƙa yi."

Na zauna. Sanyi ya zo ya same ni da ɗaki mai hita a saman barga, ina jin motsin dawaki a ƙasa ina karatu. Ya sa na sauko da kwalaye daga saman silin, muka mayar da hotuna kan ƙusoshinsu, shi yana nuni da sanda ni ina ratayawa. Madubi dai bai yarda an dawo da shi ba. Faɗa bai daina ba, ni ma na koyi mayar masa. Ya sa wani maƙwabcinsa ya gyara mini ribas. Da azumi ya zo, shi ke duba agogo ya ce mini rana ta faɗi, in daina yi masa fuskar yunwa.

A shekara ta biyu ƙanena ya rubuto cewa jikin Baba ya yi rauni, amma Baba ya ce kada in kuskura in taso, in ƙarasa. Saura wata biyar. Na karanta wasiƙar sau uku, na ce wata biyar kamar gobe ne. Gaskiyar magana, ina da ɗaki, ina da abinci, karatu yana tafiya, ban so in taɓa komai ba.

Wata Talata da la'asar ina barga na ga motar Anti Saratu ta shigo. Ba ranar zuwanta ba ce. Ta fito da kayan aiki a jikinta, ba ta nufi gidan ba, ni ta nufo. Lambar gidanta na bayar a Kano saboda ko ta kwana. Tun kafin ta iso na ajiye bokitin.

Ta ce, "Habibu, sai haƙuri. Baba ya rasu jiya. An yi jana'iza."

Na yi salati, na zauna a kan damin ciyawa. Abin da ya fara zuwa raina, Allah ya yafe mini, shi ne da tsohon nan ya kore ni wancan lokacin, da ina gida.

Mista Orval ya tambayi Anti yadda muke yi in an yi mana mutuwa. Ta ce masa zama ake yi kwana uku, mutane su zo su zauna tare da kai, ba sai an yi magana ba. Ya ce a shimfiɗa mini bargo a baranda. Anti ta sanar da mutanenmu, 'yan jami'a da 'yan cocinsu, suka zo jefi-jefi bayan sun tashi aiki, suka yi mini gaisuwa suka tafi. Wanda ya zauna daga safe har yamma, kwana ukun nan, shi ne Bahago, a kekensa, da baƙar riga, bai nemi kofi ba ko sau ɗaya.

A rana ta uku da hantsi, mu biyu ne kawai, ya ce, "Kana da hotonsa?"

Na ce Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba.

"To faɗa mini kamanninsa."

Na ce masa Baba tela ne. Na faɗa masa ƙafarsa a kan fedar keken ɗinki, da kaushin dugadugansa, da babban yatsan da farcensa ya fashe. Na faɗa masa hannunsa, da yadda yake lasar zare kafin ya zura a allura. Na faɗa masa gyaran muryar da yake yi a zaure don mata su kintsa, da ƙamshin turaren rigarsa ta Juma'a.

Ya ce, "A'a. Fuskarsa."

Na buɗe baki. Fari ne ko baƙi, wannan na sani, yana da gemu, wannan ma na sani. Amma yadda idonsa yake, ko yana da tabo, ko bakinsa yana karkata in zai yi murmushi, na nema na rasa. Shekara talatin da uku ina gabansa a durƙushe. Na rufe ido na matsa wa kaina, fuskar da ta zo mini tar, da girarta da ramin haɓarta, ta wani mugu ce mai baƙar malafa a allon silima.

Na ce, "Ban sani ba."

Sai kuka ya ƙwace mini, wanda ban yi ba tun ranar Talata. Da na ɗago, na ga Mista Orval ba ni yake kallo ba. Ya sunkuyar da kai, idonsa a kan katakon baranda, bai ɗago ba sai da na gama.